Gilashi Biyu da Fuskar Inna

Ni ɗan fari ne. Duk abin da zan faɗa daga nan ya taso, don haka da shi zan fara.

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa yarda mun haɗa ido ba. A gidanmu na Argungu haka ake yi wa ɗan fari, sai dai ita ta riƙe kunyar fiye da sauran mata. Ana yaye ni aka miƙa ni ga yayar mahaifina a Birnin Kebbi. Can na yi allo, na yi firamare, na koyi aikin hoto, daga baya na buɗe shagona kusa da tasha. Idan na je gida gaisuwa na durƙusa a bakin ɗakinta, sai ta juya wa ƙofa baya ta amsa tana fuskantar bango. Idan magana ta zama dole, sai ta ce wa ƙanwata, wadda take aure a unguwar kuma kullum tana gidan, "Ce ma na Birni shi ci abinci." Ina zaune ina ji. Ban taɓa ɗaukar wannan a kan ƙiyayya ba. Kowace kaka buhun shinkafa yana iso mini shago, a tsince tas, kuma na san hannun da ya tsince ta.

Sana'ata kallon fuska ce. A shekarun da muke ƙarƙashin Jihar Sakkwato na ɗauki maniyyata aikin hajji, da 'yan makaranta na Gwadangaji, da manoman Ambursa masu neman katin taki, da angwaye da abokansu. Mutum ya zauna, in ce ya ɗago haɓa, ya dube ni, ya daina ƙifta ido. Kowa ya bi umarnina. Amma in an tambaye ni kamannin mahaifiyata, ƙeyarta zan iya faɗi, da bayan hannunta, da faso a dugaduganta. Gefen fuskarta na sha gani a fisge. Idonta ban san shi ba.

Kafin maganar gilashi ta taso na gwada hanya biyu don in samu hotonta. Ta farko, na yi tunanin tura wani mai hoto. Wannan ba ta je ko'ina ba, domin baƙon namiji ba ya wuce zauren gidanmu. Ta biyu, na saita kyamara da kaina, na nuna wa ƙanwata inda za ta danna, na koma zaure ina saurare.

Na ji ta ce, "Inna, ɗan ɗago kai."

"Mi kike riƙe da shi?"

"Hoto za ni yi miki. Kowa na da shi, ke kaɗai kin rage."

"In kin yi, wa za shi wanke shi?"

"Yaya mana. Wa muke da shi?"

Sai na ji muryar Inna ta canza, alamar ta ja mayafi ta rufe baki. "Kai mashi kayanai," in ji ta. Ta gane abin da ni ban yi tunani ba: hoton zai zo hannuna, in zauna in yi ta kallonta, ita kuma tana kallona daga cikin kati. A wurinta wannan da haɗa ido duk ɗaya ne.

Na bar maganar. Da haka za ta tafi, sai wata kaka na tauna tsakuwa a shinkafar da aka aiko. Na ce kuskure ne. Kashegari na sake tauna wata. Na hau mota na je Argungu na tambayi ƙanwata, ta ce ai an kwana biyu Inna ba ta iya zura zare a allura, kuma tana cewa gari ya yi hazo alhali gari garau yake. Ta ce baƙin idon ya fara yin toka-toka daga gefe.

A hanyar komawa na yanke shawara. Tun da ba za ta dube ni a kusa ba, zan nemi fuskarta daga nesa, kafin idon ya tafi. Akwai gilashin da ake ɗaura wa kyamara a gaba, in ka murɗa shi ya jawo abin da ke nesa ya kawo maka kusa. Mu masu hoto zum muke kiransa. Ban taɓa mallakar shi ba, domin aikin shago ba ya buƙatarsa.

A Sakkwato kaɗai ake samunsa, wurin wani Bakatsine mai sayar da kayan hoto, wanda tun ina yaron shago muke tsokanar juna.

"Bakabe, me za ka yi da zum?" in ji shi. "Kifi ai ba ya tsayawa a ɗauke shi."

"Fito da su dai. Ku da ba ku da gulbi ina kuka san halin kifi?"

Ya ɗora guda biyu a kan kanta. Ɗaya babba ne, na kamfanin da ya ƙera kyamarata, jikinsa ƙarfe, bakinsa faffaɗa kamar na kofin shayi. Ɗayan siriri ne, mara nauyi, sunan da ke jikinsa ban taɓa jin shi ba. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, yadda nake duba komai. Na fara da nauyi. Na koma ga murɗawa: babban yana juyawa sumul kamar an zuba masa mai, ƙaramin kuwa in ka jawo shi ƙarshe sai gabansa ya riƙa ɗan girgiɗi. Daga nan na ɗaura kowanne na fita bakin titi. Na auna wani mai rake da ke tsaye a rana can tsallake. Duka biyun suka kawo shi, har gaɓoɓin raken ina gani. Na ce a raina ashe tsadar ta suna ce kawai. Sai na juya na auna wani tela da ke ɗinki a cikin rumfa. Da babban na ga tabaraunsa da zaren da ke bakinsa. Da ƙaramin, yadda nake jawo shi haka duhu yake ƙaruwa, har telan ya koma kamar wanda ake hange a cikin rijiya.

Abin da ya raba su ke nan. Faɗin baki shi ne yawan hasken da gilashi yake sha. In haske ya yi kaɗan, dole ka bar idon kyamara a buɗe ya daɗe, in ya daɗe kuwa, ko numfashi mutum ya yi sai hoton ya jirkice.

"A rana tsaka babu mai raba su," in ji Bakatsinen. "A inuwa ake gane babba. Wa za ka ɗauka?"

"Wata tsohuwa."

"Ina take zama?"

"Ƙarƙashin rumfa."

"To kai ka san wanda za ka saya. Aljihunka ne bai sani ba."

Gaskiya ya faɗa. Kuɗin babban ya kai na babur, abin da ke jikina kuwa ƙaramin kaɗai zai saya. Na zauna a bencin shagon har aka kira azahar ina auna abin. In na jira na tara, idon ba zai jira ni ba. In na ɗauki ƙaramin yau, gobe ina Argungu, amma ban san me zai fito ba. Bayan salla na ɗauki ƙaramin, bisa sharaɗin in bai yi ba zan dawo da shi in cika in ɗauki babban. Ya ce zai ajiye mini shi gwargwadon iyawarsa.

Ɗakin ƙanen mahaifina yana ɗaya ɓangaren gidan, yana da 'yar taga mai kallon tsakar gida, daidai rumfar da Inna take zama bayan la'asar. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana kallon gilashin.

"Ni ban gani ba, ban jiya ba," in ji shi. "In ta gane, kai kash shigo da ƙahwarka. Kuma kak ka taka min buzu."

Na shigo ta ƙofar baya don kada a ce mata na zo. Na dafa gilashin a kan dakalin tagar. Aikin ƙanwata shi ne ta sa ta ɗago kai. Ta zauna gefenta tana surutu, can sai ta ce, "Inna, dubi shirwa can, za ta ɗauke miki ɗan tsako." Inna ta ɗago. Na ga farin kallabi, na ga wurin da fuska take, amma duk abin a dushe yake. Na riƙe numfashi na danna. Ta sunkuya, ta sake ɗagowa, na sake dannawa, har fim ya ƙare. Filasha ba ta cikin lissafi. Haskenta ba zai kai can ba, ko ya kai ya tona mini asiri.

Da na wanke, babu ko ɗaya. Rumfa ta fito, turmi ya fito, kajin da ke yawo a rana sun fito har gashinsu. Inda take zaune kuwa sai wani abu kamar hayaƙi mai kallabi.

Ban saki nan da nan ba. Na ce matsalar haske ce, to a kawo ta cikin haske. Na koma, na sa ƙanwata ta shimfiɗa tabarmar a wajen rumfa. Inna ta fito ta tsaya. "Wa ya aje min tabarma ga rana awa shanya?" in ji ta. Ta ja abinta ta shige can ƙuryar rumfa, wurin da ya fi na da duhu, domin a lokacin rana ta fara sukar idon. Bayan wannan na nemo fim mai saurin kama haske. Shi ya ɗan fi, amma hoton ya fito da ɓurɓushi kamar an watsa masa tsaki. Na ƙara girman wanda ya fi dama a ciki, yadda nake ƙarawa haka fuskar take watsewa. Inda ido yake, ɗigo biyu ne baƙaƙe.

Na nuna wa ƙanwata. Ta juya shi sama da ƙasa. "Yaya, wagga ai ta fi kama da Gwaggo. Ko da mai koko ta ƙofar gida."

"Ba ki da aiki sai baki."

"To in ce Inna ta? In ka so in ce, sai in ce."

Ban so ta ce ba. Hoton da sai an gaya maka wane ne a ciki ba hoto ba ne.

Na fara tara kuɗin babban. Na rage cefane, na karɓi aikin suna da na biki a ƙauyuka, wanda da ba na zuwa. Ina cikin haka ƙanwata ta aiko cewa idon yana ruwa, kuma Inna ta yarda a kai ta asibiti bayan an sha fama. A tsarina magani yana gaba da hoto, kuma har yau ban ga wani tsari da ya fi wannan ba. Abin da na tara can ya tafi. Ba ta yarda ta shiga mota ɗaya da ni ba. Ƙanwata da mijinta suka tafi da ita Sakkwato, ni na bi su a wata motar, na zauna ƙarƙashin bishiya a harabar asibiti. Mijin ƙanwata ya fito ya ce likita ya ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce. Gaban idon ne da kansa yake fari, an kuma makara. Aka ba da maganin ɗigawa, aka ce a riƙa dawowa. Muka yi ta dawowa.

A ɗaya daga cikin zuwan na ratsa shagon Bakatsinen. Wurin da babban gilashin yake ajiye babu komai sai kwali. Ranar bai kira ni Bakabe ba.

"Na riƙe maka iya riƙewa," in ji shi. "Wani ɗan kwangila ya zo da kuɗi a hannu. Ɗansa ne yake son ɗaukar 'yan ƙwallo."

"Yaushe wani zai zo?"

"Ka dubi kantata ka gaya mini."

Kantar tasa ta yi fayau. Lokacin ne kaya suka daina shigowa daga waje, kuɗinmu kuma ya faɗi. Fim da katin hoto ma sai da roƙo. Na aika Kano, aka ce babu. Na roƙi wani alhaji ya dubo mini a Makka, ya dawo ya ce ya gani amma guzurinsa bai kai ba. Damina ta wuce, wata ta zo.

Labarin idon kuwa yana zuwa mini daki-daki, duk ranar kasuwar da direba ya kawo saƙon ƙanwata. Da farko ta daina tsintar shinkafa. Daga nan ta daina gane kajinta, ta koma ƙirga su da kukansu. Sai ta fara tambayar wanda ya yi sallama ko wane ne. Sai aka ce tana bin danga da hannu in za ta kewaya. Duk da haka na riƙa komawa tagar da ƙaramin gilashin, domin shi nake da shi. Na ƙona fim mai yawa a wannan tagar, a lokacin da fim yake wuya. Ƙanen mahaifina kuwa, in na shigo sai ya naɗe buzunsa ya fita.

Rani ya yi nisa sai saƙo ya zo daga Bakatsinen. Wani Bature mai aikin noman rani zai koma ƙasarsu, ya kawo kayan hotonsa a sayar, a ciki akwai irin babban nan, an ɗan yi amfani da shi amma ba ƙwarzane. Na sayar da babur ɗina, na haɗa da ƙaramin gilashin, na je na karɓo. Yana naɗe mini shi ya ce, "Tsohuwar tana nan dai?" Na ce tana nan.

Ban wuce zuwa Birnin Kebbi ba. A Argungu na sauka, na bi ta ƙofar baya. La'asar ta yi sanyi, hasken ya ragu, irin lokacin da ƙaramin ba ya ganin komai. Na ɗora babban a dakalin taga, na sa ido, na murɗa.

Rumfar ta taso ta same ni, sarai, kamar an yaye mata rufi. Ƙanwata ba ta ma san na zo ba, babu wanda ya kira Inna. Tana zaune ita kaɗai a tabarma, carbi a hannu, kanta a ɗage, fuskarta tana kallon tagar sak. Na ga tsagar gado a kumatunta, layi-layi, wasu sun nutse cikin tamoji. Na ga wani ɗan tabo a ƙarƙashin leɓe wanda ban san da shi ba. Girarta irin tawa ce, mai haɗewa a tsakiya. Kullum ana ce mini da mahaifina nake kama, ashe goshin nata ne. Gilashin bai ɓoye komai ba, har gashin ido ɗaya-ɗaya. Idon kuwa duka biyu sun yi fari fat, kamar an ɗiga nono a ciki. Ba ta ɗage kai don ta ga wani abu ba. Ta daina sunkuyarwa ne domin babu sauran abin da za ta kauce wa.

Na danna sau ɗaya. Na san zai fito, ya kuma fito. A duk aikina babu hoton da ya kai shi kyau, ban kuma taɓa rataye shi ba.

Na daɗe a tsaye a ɗakin. Sai na lura da wani abu da ya kamata in gane tun a hanya: yanzu ba na buƙatar gilashin. Wanda ba ya gani ba a yi masa laɓe. Na ajiye kyamara a kan gadon ƙanen mahaifina, na cire takalmi, na fita tsakar gida. Na taka a hankali har bakin rumfa, na durƙusa a gabanta, kusa, yadda ban taɓa yi ba tun da aka yaye ni. Ban yi sallama ba. Ina jin numfashinta da ƙarar carbin. Na dube ta da idona, ba da gilashi ba.

Carbin ya tsaya. Ta ɗan shaƙi iska. Hannun mai hoto ba ya rabuwa da warin ruwan wanke fim, komai sabulun da ya sa, kuma duk gidan ni kaɗai nake da wannan warin. Ta lalubi gefen mayafinta, ba da sauri ba, ta jawo shi ta rufe fuskar. Sannan ta juya jikinta duka ta fuskanci danga.

Ta ɗaga murya ta kira ƙanwata daga madafa. "Ke, taho. Na Birni ya iso. Ba shi ruwa shi sha, ki tambaye shi hanya."

Ƙanwata ta fito da moɗa, ta gan ni a durƙushe, ta ga bayan Inna. Ba ta yi tsokana ba. Ta miƙo mini ruwan ta ce, "Yaya, Inna na tambayar hanya."

Na ce, "Ce mata lafiya lau."